Tagar Ɗakin Tsoho

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami don rubuta wannan babi. 'Ya'yana, na iso shekarar da na fi so ku fahimta, shekarar da aka fasa bangon ɗakin Tsoho. Kun san sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka hannuna a hankali yake tafiya, kamar bakina. Amma gara in rubuta da kaina, domin na ji abin da ake faɗi. Babban yayanku, wanda ba na kama sunansa, ya taɓa faɗa wa matarsa, bai san ina bayan zana ba, wai Inna ce ta raba Baba da Baffa cin tuwo. Ban tanka masa ba ranar. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai ba ita ce duka ba.

Tun ranar da aka kawo ni Aliero daga Gumbin Kure na tarar da ɗakin nan. Kakanku, wanda kowa ke kira Tsoho, shi ya gina shi da ƙasa, kuma a cikinsa ya rasu bayan doguwar jinya ta tari. Ɗaki ne da sai ka sauka za ka shiga, saboda shekaru sun yi ta ɗaga tsakar gida, shi kuwa yana nan inda yake. Daɓensa na ƙasa ne, duk ya tsattsage. Ƙofa ɗaya gare shi, 'yar ƙarama, da labule mai kauri. A bangon baya akwai alamar taga da aka toshe. Tsoho ne ya toshe ta da hannunsa a shekarar da Baffanku Alhaji Sani, wan mahaifinku, ya yi aure, domin tana kallon tsakar sashensa. Da aka raba gida, ɗakin ya faɗa ɓangaren mahaifinku, ya mayar da shi turakarsa. Ba ya son wani wuri kamarsa. Idan bazara ta yi tsanani, garin nan ya zama kamar kasko, ɗakin Tsoho sai ka ce cikin randa. Can yake kwana, can yake ƙailula, kuma can jikoki ke tururuwa su kwanta a gefensa, yana yi musu fifita da gefen rawani.

Safiya ce ta zo da maganar. Kun san tana aure a Jega, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Wata rana bayan kaka ta shigo da wasu 'yan gwangwanaye baƙaƙe a jakarta, kowanne bai fi murfin kwalbar man shafawa ba. Ta zaunar da mu, ni da mahaifinku, ta ce akwai wata iska da ake kira radon, daga cikin ƙasa da duwatsu take fitowa. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa atishawa. A fili ba ta komai, don tana bajewa. Amma idan ta biyo tsagar daɓe ta shiga ɗakin da ba ya shan iska, sai ta taru, mutum ya yi ta shaƙa shekara da shekaru, har ta iya jawo masa ciwon daji a huhu. Ta ce wanda ya sha taba, haɗarinsa ya fi. Da ta faɗi haka ba ta dubi mahaifinta ba, shi ma bai dube ta ba. Duk mun san shekarun da ya yi yana bin motocin albasa zuwa kudu da kwalin sigari a aljihu, kafin Allah ya raba su.

Mahaifinku ya ce, "To ke da ba ki ganin ta, ba ki jin warinta, da mi kika san tana nan?"

"Ban sani ba, Baba. Shi ya sa na kawo wanga abu. A aje shi cikin ɗaki wata uku, kada a taɓa shi, in kai a duba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo."

"Wanga yoyo daga ƙasa yake, Baba, ba daga sama ba."

Ya yi dariya ya ce ta aje, ai ɗiya ba ta roƙi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ta ɗora ɗaya a kan 'yar kantar da ke ɗakin Tsoho, ɗaya a ɗakina, ta koma Jega.

Bayan 'yan makonni na shiga yi masa shara, na duba kantar, ba gwangwani. Na tambaye shi a hankali. Sai ya miƙe da alfahari, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya buɗe kwado, ya fito da wani ƙunshi. Ya naɗe abin cikin leda, ya sake naɗewa cikin wata ledar, ya ɗaure da zare, ya aje shi tare da carbin Tsoho. Ya ce amana ce aka ba shi, kayan gwamnati, ga jikoki masu hannu kamar na biri, ba zai bar shi a fili ba. Da Safiya ta zo ta gani, ta dafe kai.

"Baba, ka hana shi numfashi! Iskar akwati zai auna mana?"

"Au. To ba ki ce abin naki yana numfashi ba. Ni na ce in kare miki shi."

"Allah ya saka da alheri. Amma yanzu sai mun sake daga farko."

Ta kawo sabo. Wannan karon ta rataye shi da zare a jikin azara, inda hannun yaro ba ya kaiwa, ni kuma na zama mai gadinsa. Kullum in na shiga shara sai na ɗaga kai na ga yana nan. A watannin nan ban faɗa wa kowa ba, amma tunanin Tsoho ya yi ta dawo mini, yadda yake tari yana riƙe da ƙirji, ni ina amarya ina kai masa kunu. Ku ji ni da kyau, ban ce iskar nan ce ta kashe shi ba. Ba wanda ya auna a lokacin, ba likitan da ya faɗa, kuma ajali na Allah ne. Na tambayi Safiya, ita ma ta ce ba za a iya sani ba. Amma wanda ya taɓa jin irin tarin nan ba ya son ya sake jinsa daga bakin mijinsa.

Sakamako ya zo a tsakiyar bazara, an gama cire albasa. Safiya ta ce ɗakina ba laifi, don tagoginsa biyu kuma ƙasansa siminti ne. Ɗakin Tsoho kuwa ya haura abin da ake so, ba kaɗan ba. Ta ce ba abin firgita ba ne na yau ko gobe, amma ba abin zama a kai ba ne. Magani biyu ne kuma dole a haɗa su: a cike ƙasan a shafe da siminti, sannan a buɗe wa iska hanya ta shiga ta ƙofa ta fita ta wani gefen. Muka duba bangaye. Ɗaya manne yake da ɗakina, ɗaya da zaure. Saura na baya, mai kallon sashen Baffanku.

Mahaifinku ya ce siminti ya yarda, ko gobe. Taga kuwa a'a. Na ce to ya dawo ɗakina, ko a gyara masa na kusa da rijiya. Ya ce shi ba zai bar ɗakin ubansa don tsoron abin da ido bai gani ba. Na ce to ya yi wa Yaya Sani magana.

"In ce mai mi? In ce Yaya, zan buɗe abin da Baba ya rufe, in riƙa leƙen iyalinka? Ke kin san tun muna yara ban taɓa tsallake maganarsa ba."

"Ba leƙe ba ne, Malam. A can sama za a yi ta."

"Bari dai. Allah na nan."

Shekarun aurenmu duka ban taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba. Amma da azahar, da jikoki suka nufi ɗakin da gudu za su yi ƙailula, na tsaya a bakin ƙofa na ce daga yau a gindin darbejiya za a riƙa kwanciya. Suka yi ta kuka. Ƙaramarsu, 'yar wajen Safiya da nake riƙo, tana miƙa hannu tana kiran Kaka. Yana ciki yana ji. Bai fito ba, amma da na kai masa fura da la'asar bai sha ba. Na san na taɓa shi a inda ya fi ciwo. Haka muka yi kwanaki. Ina fata rashin yaran zai fito da shi, ko ya kai shi wurin wansa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da kwanciya shi kaɗai a cikin sanyin ɗakin nan, kuma duk lokacin da na ji ya gyara murya sai in tuna tarin Tsoho.

A nan ne na yanke abin da kuke zargina da shi. Ku da kuka tashi a wannan zamani ba lallai ku gane nauyinsa ba. A gidanmu matar ƙane ba ta zama gaban wan miji ta kawo masa magana. Gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa. In akwai buƙata, ta bi ta bakin miji ko ta bakin matar wan. Na bi ta bakin matarsa, ta ce mini ita ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Miji kuwa ya rufe nasa bakin. Sai na yafa mayafina da hantsi, na faɗa wa mahaifinku zan je gona wurin Yaya. Ban ɓoye masa ba. Ya dube ni tsawon lokaci, ya ce, "Ba ni na aike ki ba." Na ce na sani. Bai ce kada in je ba, ni kuma ban jira ya ce ba.

Na tarar da Baffanku a bakin rudunsa, wato gadon karan nan da ake ɗagawa daga ƙasa a zuba albasa a rufa da ciyawa. Yana tsaye yana sa ma'aikata suna juya albasa, suna tsince wadda ta fara laushi. Da ya gan ni ya ɗauka mutuwa aka yi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce lafiya lau, magana ce. Ya kori mutanen gefe. Na faɗa masa duk abin da Safiya ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya ce, "Shi Umaru ba shi da baki?"

"Yana da shi, Yaya. Kunyarka ta riƙe mai shi."

"Ke kuma ba ta riƙe naki ba."

"Ta riƙe shi shekaru da yawa. Yau na roƙe ta ta sake ni."

"Ɗakin nan mu duka cikinsa munka girma. Ga ni tsaye. Mi ya same ni?"

"Allah ya ƙara lahiya. Amma kai ka bar shi tun kana saurayi, shi ko kullum yana ciki." Na nuna rudun da hannu. "Yaya, don mi kunka ɗaga wanga daga ƙasa, kunka bar mai ƙofofi ta ko'ina?"

"Wace irin tambaya ce wagga? In ba ta sha iska ba ruɓewa za ta yi."

"To ni ba abin da nake roƙo sai abin da kunka ba albasa. A ba ƙanenka."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ban faɗi haka don in kunyata shi ba, Allah ya sani, abin da idona ya faɗa a kai ke nan. Amma ma'aikatan ba su yi nisa ba, kuma na tabbata sun ji. Ya juya mini baya, ya ɗauki albasa ɗaya yana murza ɓawonta, sannan ya ce, "Ku fasa. Tunda mata ke raba abin da uba ya haɗa, ku fasa. Ki tahi."

Na dawo gida na faɗa wa mahaifinku an ba da izini, na faɗa masa kuma da irin muryar da aka ba da shi. Ya ce in an fasa da wannan izinin, to an fasa fiye da bango. Na ce haka ne, amma zumunci in ya tsage ana ɗinke shi, huhu fa? Kashegari shi da kansa ya kira magini. Aka kwashe tsohon daɓe, aka cike ƙasan, aka zuba siminti har jikin bango. Aka buɗe taga a can sama kusa da rufi, inda ko dogon mutum ya hau kujera ba zai ga tsakar gidan kowa ba, aka sa mata raga. Labulen nan mai kauri na cire shi na sa asabari. Da guduma ta fara dukan inda Tsoho ya toshe, mahaifinku ya fita daga gidan, bai dawo ba sai bayan magariba.

Daren ranar aka kai tuwo zaure kamar kullum. Kun san tun rasuwar Tsoho su biyun nan a akushi ɗaya suke cin abincin dare, yau daga sashena, gobe daga sashen matar Baffa. Mahaifinku ya zauna ya jira. Baffanku ya wuce ta gabansa daga masallaci, ya yi sallama, ya shige gida. Aka dawo mini da akushin, gefe ɗaya an ci kaɗan, ɗaya gefen ba a taɓa ba. Haka aka yi washegari, da wanshekaren washegari, har damina ta sauka ta ɗauke. Ba faɗa, ba zagi. Suna gaisawa, suna sahu ɗaya a masallaci. Amma akushin nan kullum rabinsa ke dawowa, kuma ni ke wanke shi. Matar Baffa ta daina aiko mini da daddawa. A gidan suna da gidan biki na ga ana raɗa in na shigo. Mahaifinku bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya rame a damanar nan. Akwai ranar da na tsaya ina kallon tagar, na tambayi kaina ko na tsare masa ƙirji ne na karya masa zuciya. Amma ban taɓa cewa a mayar a toshe ba, ko a raina.

Da sanyi ya shigo, Safiya ta sake rataye gwangwani, ta ce lokacin da ake rufe ɗakuna shi ne gwajin gaskiya. Mahaifinku ya so ya cusa tsumma a tagar, na ƙara masa bargo na ce tsumman ya haƙura. Bayan wata uku ta dawo tana murmushi tun daga zaure. Ta ce ya sauka sosai, ya koma inda hankali zai kwanta. Ranar na ɗauki 'yar wajenta da hannuna na kai ta bakin ƙofar ɗakin Tsoho, na ce shiga, Kaka na jira. Sauran suka bi ta a guje. Na ji dariyarsa daga ciki, wadda na kusan manta kalarta.

Baffanku kuwa ba wanda ya je ba shi haƙuri. Na aika sau ɗaya ta bakin matarsa cewa ina neman gafara kan yadda na zo masa, ba kan abin da na zo da shi ba. Ban sami amsa ba. Sai wata asuba, mahaifinku ya makara saboda mura, har an kusa tayar da salla. Ina alwala a tsakar gida na ji murya daga can bayan bango, daidai ƙarƙashin tagar.

"Umaru! Kai Umaru! Duk iskar da anka ba ka ba ta tashe ka ba?"

Na ji gado ya motsa. Mahaifinku ya ce, "Na'am, Yaya. Ga ni nan."

"To yi sauri. Albasa ma ta san lokaci."

Na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare ban sani ba. Daren ranar akushi ya dawo mini a wanke da yatsu, ba ko loma. Daga nan har Allah ya karɓi ran Baffanku, ta tagar nan yake tashin ƙanensa kowace asuba, ko ya makara ko bai makara ba. Ni da shi kuwa ba mu sake komawa yadda muke ba. Yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara kirana da sunan da yake kirana da shi da ba, Amaryar gidanmu. Ya tafi da wannan, kuma ina jin rashinsa har yau. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To kun ji. Na raba su cin tuwo, damina guda da sanyi guda, ban musa ba. Mahaifinku yana nan, jiya ma ya yi mini faɗa kan gishiri. Ban ce taga ce ta tsawaita masa rai ba, wannan ba a hannun magini yake ba. Na dai yi abin da ke hannuna. Yanzu kowannenku ya gina nasa, wasu a Jega, wasu a Maiyama, kuna rufe tagogi da gilashi da labule saboda sauro da ɓarayi. Ku nemi 'yar'uwarku ta rataya muku gwangwanin nan a ɗakin da kuke kwana, musamman inda yara ke barci. Ba ya cin abinci, ba ya ƙara. Ku bar shi inda aka sa shi, kada wanda ya gaji ubansa ya kulle shi a akwati. In ya nuna lafiya, ku gode Allah. In ya nuna a fasa bango, ku fasa, ko da wa zai yi fushi. Fushi yana hucewa ta ƙaramar taga, ni na gani da idona.